Goron da Saje Brimah Ya Kai Wagadugu

Shekara da shekaru ni ke yi wa Saje Brimah aski, kowace Juma'a da hantsi, a gindin mangwaron da ke ƙofar gidansa a Zangon Kumasi. Sunana Sanni, wanzami ne ni, kuma in ana neman wanda ya san kan mutumin nan ciki da waje, to a zo wurina. Akwai wani ƙullutu a bayan kunnensa na hagu da sai an lallaɓa aska, furfura kuwa ta cim masa tun bai kai arba'in ba. Dogo ne, baƙi, yana tafiya a miƙe kamar wanda ya haɗiye taɓarya. Ba ya ƙyalƙyala dariya, ba ya tsayawa gulma, kuma ba ya ƙarya. Wannan na ƙarshen shi ya jawo masa duk abin da zan faɗa muku.

Ɗan sanda ne, amma ba irin masu bin ɓarawo da kulki ba. Shi ne mai gabatar da ƙara a kotun majistare, wato wanda zai miƙe ya karanta wa mutum laifinsa a gaban jama'a, ya kira shaidu, ya yi ta jan magana har mai laifi ya ɗaure kansa da bakinsa. A wancan zamani, tun ƙasar tana amsa sunan Gwalkwas, ba kasafai ɗan Zango ke hawa wannan matsayi ba, mun kuwa yi alfahari da shi da farko. Kafin gari ya waye matarsa Batulu ta zuba gawayi a dutsen guga, ta goge kakin nan har ya kusa tsayuwa da kansa. Ya sha koko da ƙosai, ya hau kekensa ya gangara cikin gari. Can kuma kullum abu ɗaya ne: mai dafa barasa a ɓoye, direban da ya loda fasinja har kan rufi, ɓarawon kaji, mata biyu da suka fasa wa juna baki a bakin famfo. Ya yi Turanci da majistare, ya juya ya yi Tonanci da shaidun Asante, ya juyo ya yi Hausa da namu. Da la'asar ya dawo, ya rataye kakin, ya sa 'yar shara.

Abu biyu ne ke sa shi sakin fuska. Na farko rago. Duk shekara sai ya je kara wurin masu dabbobi, ya zaɓi ramammen ɗan rago wanda kowa ya raina, ya kawo gida ya hau kiwo. Ɓawon ayaba, dusa, ganyen rogo, kanwa a ruwan sha. Ranar Lahadi ya yi masa wanka da sabulu, ya tsefe shi, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Kafin babbar Salla ragon ya zama abin kallo, har mutane su taso daga wasu unguwanni su leƙa.

Na biyu kuma dame, darar katakon nan mai gida baƙi da fari da ake bugawa a kan cinya. Wani kafinta a Anloga ya yi masa allon, abokin karawarsa kuma ɗaya ne tak, Alhasan mahauci. Alhasan gajere ne mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa, in ya ci ɗa guda sai duk layin ya ji. Tare suka tashi, ubana ne ya yi musu kaciya rana ɗaya. Bayan magariba kwanonsu ɗaya a ƙofar gidan Brimah, mu ma sauran maƙwabta kowa ya fito da nasa, a haɗa a ci. Alhasan kaɗai ke iya ce wa Brimah “Saje, kai dai sai Turanci, kanka ba ya ja,” a zauna lafiya.

'Yan shekaru kafin a sauke tutar Ingila, Alhasan ya sayi shanu biyu a hannun wani mutum da ya biyo hanyar Salaga. Ashe na sata ne. Ko ya sani ko bai sani ba, Allah masani. Ni dai na san mahaucin da ya ga saniya da araha ba ya yawan tambaya. Aka kama shi, ƙarar ta faɗo a kan teburin Brimah. Dattawan unguwa suka same shi, suka ce ya janye jiki ya bar wa wani. Ya ce in ya janye, Baturen da ke samansa zai ce ɗan Zango ba abin yarda ba ne in magana ta taɓa nasu. Girman kai ne ko riƙon amana, har yau ban raba ba. Ya miƙe ya gabatar da ƙarar, aka yanke wa Alhasan 'yan watanni a gidan yari.

Da a nan abin ya tsaya, da an manta. To amma a lokacin, baƙon da ba a ƙasar aka haife shi ba in ya yi irin wannan laifi, majistare na iya neman a mayar da shi inda ya fito. Majistare ya tambayi Alhasan ina aka haife shi, ya ce Kumasi. Sai Baturen ya juya ya ce, “Saje, ai unguwarku ɗaya. Haka ne?”

Rabin Zango na cikin kotun ran nan, kuma babu wanda bai san uwar Alhasan a goye ta kawo shi daga wajen Dori, ƙasar Faransi ba. Brimah ya fi kowa sani, don a bakin murhunta ya ji labarin, yana cin tuwonta. Majistare ya ɗago kai yana jira. Sai Brimah ya ce, “A'a, ranka ya daɗe. A goye aka kawo shi.”

Da Alhasan ya gama zaman yari, aka sa shi a mota aka kai shi bakin iyaka, aka sauke shi a ƙasar da bai taɓa taka ta da ƙafarsa ba. Matarsa Adizatu ta kwashi yara ta koma Ayigya wurin danginta.

Zango ba ta zagi Brimah ba. Ina ma ta zage shi! Mu 'yan Zango in za mu kashe mutum, da ladabi muke kashe shi. Gaisuwa ta ƙaru, har da rusunawa. “Saje, barka da aiki.” “Saje, ina gajiya?” Amma da zarar ya doso majalisa sai hira ta koma ta ruwan sama da zafin rana. Ba wanda zai faɗi sunan ƙauyen kakansa a gabansa. Masu cin abinci a ƙofar gidansa suka zame ɗaya bayan ɗaya, wannan ciwon ciki, wancan baƙi gare shi, har ya zama shi kaɗai da kwanonsa da fitila. Ranar layya Batulu ta jera farantai da kyakkyawan nama a kai gida-gida, a karɓa da godiya, amma ko ƙashi ba ya dawowa daga gidan kowa. Mutumin da ya fi kowa sanin laifuffukan garin ya zama ya fi kowa rashin sanin labarin unguwarsa. Suna ko biki, sai ya ji kiɗa.

Bai taɓa kokawa ba. Ya ci gaba da zuwa kotu, ya ci gaba da kiwon ragonsa. Allon dame kuwa duk Lahadi, bayan wankan rago, sai ya fito da shi ya shafe shi da man kaɗanya, ya ƙirga 'ya'yan ya mayar cikin jaka. Ni da ke riƙe da kansa kowane mako na san abin da ke cinsa. Ba ƙarin girma yake nema ba, ba kuma yabon Bature ba. So yake ya sake sa hannu a kwano ɗaya da Alhasan, ya ji daga bakinsa cewa ya yafe.

Shekarar da aka sami 'yanci aka ba shi dogon hutun da ya daɗe yana tarawa. Abokan aikinsa in sun sami irin wannan, Lome suke zuwa ko Abijan su sha iskar teku. Shi kuwa ina tsakiyar aski ya ce, “Sanni, Wagadugu zan je.” Ban tambaye shi dalili ba. Masu koro shanu sun daɗe da kawo labari cewa Alhasan na can, yana yanka wa wani nama a kasuwa.

To ga al'adarmu. A Zango kusan kowa yana da wani a arewa. In aka ji mutum zai yi tafiya can, zaurensa cika yake yi da saƙo: wannan ta kawo goro a kai wa uwarta, wancan turmin atamfa, wani sabulu, wani gaisuwa kawai. Matafiyi ya yi ta ƙunƙuni wai an mai da shi jaki, alhali yawan saƙon nan shi ne ma'aunin mutuncinsa. Ba ka ba mutum saƙo sai ka yarda da hannunsa da bakinsa. Brimah ya faɗi maganar tafiyarsa a masallaci, ya maimaita da ɗan ƙarfi don na baya su ji. Ya je kasuwa ya sayo akwatin ƙarfe na biyu, ya ajiye shi a zaure a buɗe. Aka yi ta yi masa addu'ar sauka lafiya. Har ranar tafiya ba abin da ya shiga akwatin nan sai kyankyaso. Da ya ga haka sai ya ɗauko allon dame ya sa a ciki, ya rufe.

Ni na raka shi tasha da safe. An gama lodi, yaran mota na ɗaure tamfol, sai ga Mma Azumi tana kutsowa cikin mutane da ƙunshi a ka. Gwaggon Adizatu ce, tsohuwar mai sayar da goro, mutuniyar Dagomba wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji.

Ta ce, “Saje, an ce kana tafi Wagadugu.”

“Haka ne, Mma.”

“To ga saƙo. Na Alhasan ne.”

Goro ne, an naɗe shi da ɗanyen ganye an ɗaure da igiya. Brimah ya rusuna ya karɓa da hannu biyu. Wallahi na manta yana da wushirya sai ran nan. Ya rungume ƙunshin yana ta godiya, sai ka ce shi aka yi wa kyauta.

Tsohuwar ta ce, “Tsaya, akwai magana a kai. Ka gaya mishi Adiza ya jira, ya jira, ya gaji. Malamai sun raba aure. Ya yi idda ya gama, an ɗaura mishi aure da Bawah mai lori. Wannan cikin goron biki ne. Alhasan uban yara ne, ba a gaya mishi babban magana da hannu wofi. Ba mu so ya ji a bakin hanya ko kaɗan koraa. Yara suna lafiya.”

Na ga murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya ce, “Mma, me ya sa ni?”

“Na roƙi masu tafiya da yawa, kowa ya ce bakinshi ba ya iya ɗauka. Kai ka saba. Kai ne ba ka jin nauyin magana.”

Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Yadda za ka kai wa maƙeri ƙarfe, haka ta kawo masa. Direba ya danna oda, Brimah ya hau ya zauna da ƙunshin a cinya.

Abin da ya faru a hanya da can, daga bakinsa na ji bayan ya dawo, kaɗan-kaɗan, Juma'a bayan Juma'a.

Goro ba ya son zafi, hanyar arewa kuwa zafi ce zalla. Ya ce bai taɓa kula da abu kamar yadda ya kula da ƙunshin nan ba, har ragonsa. Duk inda mota ta tsaya sai ya nemi inuwa, ya kwance igiya, ya yayyafa ruwa, ya juya na ƙasa ya koma sama, ya duba ko sankara ta shiga. A Yeji, suna jiran jirgin fito, ya sauka bakin kogi ya jiƙa tsumma ya lulluɓe. A Tamale ya nemi wata mai goro ta sake masa ganye. Yana yi yana tsara magana a ransa kamar yadda yake tsara ƙara: da me zai fara, ina zai tsaya, yaya zai ƙare. Mutumin da ya karanta wa ɗaruruwa laifinsu ido cikin ido ya rasa kalmar farko.

Amma ya ce mini motar nan ita ce hutunsa na gaskiya. Riga ce a jikinsa ba kaki ba, ba wanda ya san shi. Leburorin Mosi da ke komawa gida daga gonakin koko suna ta hira a gabansa, har da yadda ake zagaye 'yan kwastan. Wani cikinsu ya ɓare dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, ya miƙa masa rabi, suka tsoma a yaji ɗaya. Ya ce sai da ya kau da kai don kada su ga idonsa.

Suka wuce Bolga, suka ƙetare iyaka a Paga, jandarma ya zunguri ƙunshin da sanda ya bar shi. Wagadugu gari ne shimfiɗaɗɗe, jar ƙasa, jakuna da kekuna, burodinsu dogo kamar gora. Ya sauka a unguwar Hausawa, ya yi tambaya, aka nuna masa rumfar mahauta.

Da ƙyar ya gane Alhasan. Tumbin ya tafi, wuya ya fito, yana saran ƙashi a kan kututture. Alhasan ya ɗago, ya daɗe yana kallonsa, ya goge wuƙa a zane.

“Saje. Wata ƙarar ce ta biyo ni har nan?”

“A'a. Hutu na zo.”

“Hutu. Duk faɗin duniya sai nan.”

Ya koma zai ci gaba da sara, sai idonsa ya faɗa kan ƙunshin. Wanda ya tashi a Kumasi ba ya ɓatan ganyen nan, kuma ɗaurin Mma Azumi daban yake, kowa ya san shi. Alhasan ya ajiye wuƙar.

“Daga gida?”

“Daga gida.”

“Adiza?”

Brimah ya ce mini maganar tana kan harshensa, a shirye, yadda ya tsara ta tun daga Yeji. Ya dubi ramammen mutumin nan. Sai ya ji bakinsa ya ce, “Tana gaishe ka. Yara suna lafiya.”

Alhasan ya fashe da kuka a tsakiyar kasuwa, ya rungume shi da hannun jini da kitse. Ya bar rumfar, ya ja shi zuwa ɗan ɗakinsa, ya aika aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Kwano ɗaya. Suka wanke hannu a ƙwarya ɗaya, Alhasan yana tura masa tsoka gabansa. Da Brimah ya buɗe akwati ya fito da allon dame, Alhasan ya yi ihu har maƙwabta suka leƙo. Suka ɗora a cinya a inuwar bango, Alhasan ya cinye shi sau uku a jere, ya ce, “Har yanzu kanka ba ya ja, sai Turanci.”

Washegari suna karyawa Alhasan ya ce, ba tare da an tambaye shi ba, “Maganar kotu, na yafe. Na zage ka, na tsine maka, na gaji. Aikinka ka yi, kuma ba ƙarya ka yi mini ba, a goye aka kawo ni. Tunda har Adiza ta yarda ta ba ka saƙo, ni wane ne?”

Abin da ya yi shekaru yana nema ke nan, ga shi an miƙo masa. Ya ce mini a lokacin ya kamata ya yi magana, ya kuma san haka. Ya ce wa kansa bari a gama cin abinci. Aka gama, ya ce bari sai yamma. Alhasan ya zagaya da shi gari, ya nuna masa tashar jirgin ƙasa, ya kai shi kasuwar shanu, ya saya masa nono mai sanyi. Kowace safiya Brimah ya tashi da niyya, kowane yini Alhasan ya yi wata dariyar da ya kasa katsewa.

Sai Juma'a ta zo. Ashe mutanen unguwar sun daɗe suna zolayar Alhasan, wai matar Kumasin nan tasa a baki kawai take. Sun yi masa tayin aure ba sau ɗaya ba, yana cewa shi yana da iyali. Da aka sauko daga masallaci ya zuba goron a faranti, ga shi jawur, sabo kamar yau aka ɓare, saboda wahalar da Brimah ya sha a kansa. Ya ce, “Saje, riƙe mini.” Suka bi gida-gida. A kowace ƙofa Alhasan ya ɗebi biyu ko uku ya miƙa, yana cewa, “Daga maiɗakina a Kumasi. Ku da kuka ce ta manta da ni, ku ci ku ji.” Mutane na sa albarka, suna cewa Allah ya haɗa fuskokinsu. Brimah na biye da faranti yana amsawa da amin.

Na tambaye shi, “Saje, ko a nan ba ka ja rigarsa ba?” Ya ce bayan ƙofar farko ya riga ya makara.

Ranar komowa akwatin nan na biyu ya cika har sai da aka hau kansa kafin ya rufu. Mutanen unguwar duk suna da dangi a Kumasi, ga kuma amintaccen mutum, aminin Alhasan. Wannan ya kawo daddawa, waccan kuka, wani man shanu. Allon dame ya bar wa Alhasan. Shi kuma Alhasan ya kawo baƙin saƙi na Mosi, zane mai kyau, wanda ban san me ya hana cikinsa ba kafin ya saya. Ya ce, “Ka ba Adiza. Ka ce mata na sami ɗaki mai ƙofa. In ruwa ya ɗauke ta taho da yara.” Mota ta tashi yana bin ta da gudu-gudu yana ɗaga hannu, Brimah na leƙowa, bakinsa a rufe.

Ya iso Kumasi ya raba saƙon mutane ɗaya bayan ɗaya, bai ɓatar da ko ƙullin daddawa ba. Har an fara cewa ashe Saje mutum ne. Wasu biyu ma suka fito da kwanonsu ƙofar gidansa. Sai Mma Azumi ta zo daga Ayigya.

“Saje, ka sauka lafiya? Ka gaya mishi?”

Wani zai ce ya faɗa, a wuce wurin. Brimah bai iya ƙarya biyu ba. Ya ce, “Na ba shi goro, Mma. Ban faɗi maganar ba.”

Tsohuwar ta riƙe haɓa. “Yoo. To shi yana can yana jiran mata?” Ta ga zanen a kan akwati, ta gane, ta juya ta fita ba sallama. Kafin la'asar labari ya gama Zango, kwanonin nan biyu suka koma inda suka fito. Na ji masu cewa ga mutumin da ya yi magana ranar da ake neman shiru, ya yi shiru ranar da aka aike shi da magana. Haushinsu ya kama ni, don duk cikinsu ba wanda ya yarda ya ɗauki ƙunshin nan. Amma ban iya cewa ƙarya suke yi ba.

Ya yi niyyar aikawa da wani, ya yi niyyar komawa da kansa. Hutu ya ƙare, kotu ta buɗe, masu dafa barasa da ɓarayin kaji na jiransa. Kuma wa zai aika?

Bayan ruwa ya ɗauke, wata Juma'a ina tsakiyar yi masa aski, na gama gefen dama, sai ga Talle, wani mai koro shanu daga arewa, da abu a hammata naɗe da buhu. Ya yi sallama ya tsuguna, aka gaisa. Ya kwance buhun ya jingina allon dame a gindin mangwaro, ya ɗora jakar 'ya'yan a kai.

Ya ce, “Saje, ni ɗan aike ne, kada ka ga laifina. Alhasan ya ji. Wani yaron motar Bawah ne ya faɗa a kasuwar shanu, a gaban mutanen da suka ci goron. Ga Alhasan ya riga ya shafe ɗaki da farar ƙasa, ya sayi tabarmi.”

Talle ya gyara tsuguno ya ci gaba.

“Ya ce in gaya maka, ranar kotu ka raba shi da garinsu, ya yafe, bai kuma janye ba, don gaskiya ka faɗa. Amma ka riƙe masa faranti yana raba goron auren matarsa ƙofa-ƙofa, kana bayansa kana cewa amin. Ya ce wannan kam sai kun haɗu gaban Allah.”

Talle ya tashi ya tafi. Ragon bana na ɗaure a gefe yana tuƙa, Batulu na tsaye a bakin zaure da ludayi a hannu. Har na fara tunanin in naɗe kayana.

Sai Brimah ya ce, “Sanni, ƙarasa. Lokacin masallaci ya kusa.”

Na jiƙa gefen hagu na ci gaba. Da na zo bayan kunne, wajen ƙullutun nan, na lallaɓa aska, shi ko motsi bai yi ba. Ya yi wasu shekaru yana aiki bayan wannan, yana kiwon ragonsa, yana cin tuwonsa shi kaɗai. Zanen Mosi yana ƙasan akwati har ya rasu. Ba a sake ba shi saƙo ba, shi ma bai sake neman hutu ba.